Is'haƙa Kunne da Motar da Ba Ta Kuka

A Sabon Birni, idan mutum zai sayi mota ta hannu, ko babur, ko injin ban-ruwa, kuma yana da hankali, kafin ya nemi dillali sai ya fara neman Is'haƙa Kunne. Wanda ya yi gaban kansa kuwa, in injin ya buga masa, ba mai yi masa jaje da zuciya ɗaya. Za a dai ce Allah ya mayar da alheri, a juya baya a yi dariya.

Is'haƙa ba bakanike ba ne, kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi haka. Bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, ba ya riƙe sifana, farar rigarsa yadda ta fito daga gida haka take komawa. Saurare ne sana'arsa. Sai a tayar da inji, ya cire hula ya miƙa wa mai saye ya riƙe masa, ya tattare riga, ya kara kunnen dama a jikin ƙarfen, ya lumshe ido. A wannan lokaci ko tari ya taso maka sai ka haɗiye abinka, don hararar Is'haƙa ba ta da daɗi. In ya ɗago sai ya faɗi ciwon motar kamar yana maganar mutum. Wannan tana da tari, wannan gaɓɓanta sun yi sanyi, waccan kuma an ɗura mata baƙin mai mai kauri da safen nan don ta rufe baki, a bar ta ta yi zafi a ji tsiyarta. Sai a bar ta, sai kuwa a ji.

Gidan da aka haife shi, katanga ɗaya ce ta raba shi da injin niƙan unguwa. Yayarsa Larai takan ce tun yana goye ba ya barci sai injin na aiki, ana kashewa zai farka ya tsala kuka. Da ya girma ya yi tuƙi shekara da shekaru, yana lodin albasa da wake daga Sabon Birni da Isa ya tsallaka da su Maraɗi, ya dawo da dabino da abin da ya sauwaƙa. Fasinjojinsa sun sha haƙuri, don yakan tsaya a tsakiyar hanya ya tare motar da bai san mai ita ba, ya ce masa fulogi ɗaya ba ya ci, ya koma ya ja tasa ba tare da ya jira godiya ba. Da hanya ta lalace, tafiya ta koma sai da addu'a, sai ya sayar da motar ya kafa benci a inuwar dogon-yaro kusa da tasha. A nan laƙabin Kunne ya bi shi, har yaran gari ba su san sunan mahaifinsa ba.

Abin da ya ƙara masa girma shi ne rigima. Cinikin mota a nan tsakanin mutum da mutum ake yin sa, a gaban shaidu, a sallama, a shafa fatiha. Bayan kwana biyu sai ka ga mai saye ya turo motar ƙofar gidan mai sayarwa yana kumfar baki. Irin wannan magana ba ta cika zuwa kotu ba. A zauren Malam Abdulƙadir take ƙarewa, wani dattijon malami da ya gaji karantarwa kaka da kakanni, wanda 'yan kasuwa suka yarda da sulhunsa. Hukuncin Malam a fili yake. Aibin da aka faɗa maka kafin ciniki, ka ji ka saya, naka ne, ka je ka yi jinyarsa. Aibin da mai kaya ya sani ya ɓoye kuwa, ya karɓi abinsa ya mayar maka da naka. Saboda haka tambayar farko a zauren kullum ita ce ko Is'haƙa ya saurara, kuma me ya ce. Abin da ya ce ya ji, shi ne ke zama.

Abin da garin bai sani ba shi ne, kunnen nan da ake taƙama da shi ya daɗe da fara tafiya. Da kaɗan-kaɗan ya soma. Tsuntsayen dogon-yaro suka fara yin shiru, sai kiran sallar masallatan nesa, sai maganar mata, sai ta maza ma in ba kusa suke ba kuma da ƙarfi. Na hagu ya mutu murus, na dama ya rage ɗan abin da ba a rasa ba. Is'haƙa ya tsorata, tsoron da bai taɓa ji ba ko a hanyar daji, don in aka cire kunnen shi kansa bai san me ya rage a jikinsa da za a gaisar ba.

Sai ya shiga dabara, kuma gaskiya ya iya. Yana kara kunne kamar da, amma tafin hannunsa da ke kan bonet shi ke aikin, don rawar inji ba ta ɓoyuwa. Hancinsa na shinshinar hayaƙin salansa. Idon da ake zaton a rufe yake kuma a ɗan buɗe yake, yana kan wuyan mai sayarwa, domin mai ɓoye aibi ba ya iya tsayar da maƙogwaronsa wuri ɗaya. Wajen hira kuwa amsa biyu ya tanada. In fuskar mai magana a sake take ya ce madalla, in a ɗaure take ya ce Allah shi kyauta. Sau ɗaya abin ya ci shi, ranar da wani mai shayi ya zo yana murmushin takaici yana ba shi labarin an sace masa akuya mai ciki, Is'haƙa ya yi ta jera masa madalla. Mai shayin ya daɗe ba ya gaishe shi, mutane kuma suka ce ai masu baiwa haka suke, hankalinsu na wani wuri.

Matarsa Naja'atu kaɗai ta sani, ita ma ba faɗa mata ya yi ba. Ta dai daina yi masa magana daga madafi, ta koma zuwa gabansa ta taɓa kafaɗarsa tukuna. Haka aka ci gaba da zama.

Ana haka Hafizullahi, ɗan yayarsa Larai, ya zo da zancen mota. Hafizullahi magidanci ne mai shagon cajin waya da ruwan sanyi a bakin kasuwa, rufin shagon duk faifan sola, har sun tsallaka kan rufin maƙwabci. Tun da fetur ya yi tashin da ya yi, ya rantse shi ba zai sayi abin da ke shan mai ba alhali rana na zuba a kansa kyauta. Ga mahaifiyarsa na fama da ciwon ƙafa, duk wata sai an kai ta asibiti a Isa, zaman kabu-kabu kuma ya gagare ta. Ya tattara shanun da ya gada na uba ya sayar, ya ce mota mai caji zai saya. Ta hannu mana, sabuwa ai ba ta mai ruwan sanyi ba ce. An turo masa hotunan wasu a waya, na Kano da na Sakkwato, ya yi ta juya su yana haɗiyar yawu, amma ya ce ba zai sayi abin da kunnen Kawunsa bai hau kansa ba.

Wadda kunnen Kawu zai iya hawa guda ɗaya ce a duk yankin. Tana hannun Alhaji Mubashshir, ɗan kasuwa mai safarar kaya tsakanin Isa da Nijar, wanda ya karɓo ta wurin wani abokin hulɗarsa. 'Yar ƙarama ce, shuɗiya, gajera kamar an manta ba a ƙarasa ƙera ta ba. Ranar kasuwa Alhaji ya kawo ta Sabon Birni a bayan babbar mota, a tsakiyar buhuna, wai don kada hanya ta ɓata mata fenti. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin wannan magana, don kowa ya tafi kallo. Masu kabu-kabu suka bar fasinja, mai nama ya bar tukuba, har wani wanzami ya taho da mutumin da yake yi wa aski, rabin kai fari rabi baƙi.

Alhaji ya tsaya ya yi dogon bayani, kuma cikin rashin sa'a a hagun Is'haƙa ya tsaya. A cikin bayanin ya faɗa ƙarara cewa motar nan ba ta da inji irin wanda aka sani, ba ta hayaƙi, ba ta kuka, ko an kunna ta shiru za a ji. Kowa ya ji ban da wanda aka tara jama'a dominsa. Is'haƙa ya ga baki na motsi, fuska a sake, ya ce madalla. A lissafinsa, mai caji ko mai fetur, duk abin da ke juya taya dole ya yi gurnani.

Ya cire hula ya miƙa wa Hafizullahi, ya yi wa Alhaji alama ya tayar. Alhaji ya danna wani maɓalli, fitilu suka kama a gaban sitiyari. Is'haƙa ya tattare riga, ya kara kunne, ya ɗora tafi. Bai ji komai ba. Wannan bai dame shi ba, ya saba. Amma tafin ma bai ji komai ba, ƙarfen na kwance sumul, ko ɗan motsi babu. Ya ja hanci, sai ƙamshin ƙosai daga wani wuri. Ya sake yi wa Alhaji alama ya tayar mana, Alhaji ya ɗaga hannu yana nuna ai a kunne take.

Nan gumi ya keto masa. Ya ce a ransa shi ke nan, yau ragowar ta tafi, kuma ba kunne kaɗai ba, har hannu ya bi. Ga rabin gari sun yi tsit suna jira, ga ɗan 'yar'uwarsa riƙe da hula yana kallonsa da ido fal yarda. Ya daɗe a sunkuye, daɗewar da bai taɓa yi wa wata mota ba, jama'a kuwa suka ɗauka zurfin aiki ne. Da dai ya ga bayansa ya fara ciwo, sai ya ɗago ya ɗauko maganar da ba ta taɓa yin ƙarya a kan kowace mota ta hannu ba.

"Tana da haki," in ji shi. "Lumhwashinta ba shi da tsawo."

Maƙogwaron Alhaji Mubashshir ya haura sama ya ƙi saukowa. Shi kaɗai a wurin ya san batirin motar ya gaji, ba ya kai ta ko'ina mai nisa, kuma shi ya sa aka sakar masa ita da arha. Ya dubi Is'haƙa kallon da ake yi wa mai aiki da aljanu. Kafin Hafizullahi ya buɗe baki ya nemi ragi, Alhaji ya zabtare masa kuɗi da kansa, ya juya ga jama'a da sauri.

"Kun dai jiya, jama'a. Da hakinta nis sallama."

Hafizullahi ya kusa tashi sama don murna. Haki ai ɗan abu ne, ko shi in ya hau tsani yana yi. Aka shafa fatiha, aka miƙa makulli.

Sai ga shugaban tasha, mutum mai murya kamar lasifika, ya rungumo Is'haƙa ya kwarara masa magana dab da kunnen dama. Yana cewa yau sun ga ikon Allah, motar da ba ta da inji, ba ta kuka, kowa ya kasa kunne bai ji ko ƙis ba, shi kaɗai ya ji numfashinta. Sai a lokacin Is'haƙa ya gane. Ashe ba hannunsa ne ya mutu ba, ashe ba abin ji a wurin tun farko. Daɗi ya rufe shi har dariya ta nemi ƙwace masa, ya danne ta, ya karɓi hularsa ya ɗora, ya ce cikin ƙanƙan da kai ai abin daga Allah ne.

Kafin rana ta faɗi labari ya kai Isa, washegari ya kai Kamarawa, kuma duk garin da ya shiga sai ya ƙara ƙiba. Aka ce ya ji zuciyar motar na bugawa. Aka ce ya faɗi ƙasar da aka ƙera ta da shekarun wanda ya fara hawanta. Bencin dogon-yaro ya koma kamar ƙofar asibiti. Da injuna ake kawo masa, yanzu sai aka koma kawo duk abin da ba ya magana. Batirin sola, tocila, wayar da ba ta riƙe caji, firij a kashe. Wani manomi ya kawo injin ban-ruwa a cikin kwalinsa, ya ce ba sai an buɗe ba, Malam Is'haƙa ya dai ɗan kara ta waje. Wani ya ja shi har unguwarsu ya saurari katangar gidan da yake son saye, ko za ta kai damina mai zuwa. Wata tsohuwa ta aiko da kankana.

Duk ya saurara, kuma ba za a ɓoye ba, ya ji daɗi ƙwarai. Ya sayi sabuwar hula, tafiyarsa ta sauya, madallarsa ta ƙara kauri. Da la'asar Hafizullahi kan ɗauke shi a gidan gaba su zaga gari. Motar kuwa a cikin gari ba ta da laifi ko kaɗan, sai dai awaki ba sa kauce mata don ba sa jin zuwanta, Hafizullahi ya riƙa miƙa hannu waje yana dukan ƙofa yana kora. Tsofaffi na tafiya sai su ga abu shuɗi a gefensu, su yi salati su dafe ƙirji. Larai a gidan baya, ta miƙe ƙafa, tana ɗaga wa ƙawayenta hannu ko sun gan ta ko ba su gan ta ba. Ranar da Is'haƙa ya koma gida rungume da kankanar da aka bar masa tukuici, Naja'atu ta tsaya a gabansa ta tambaye shi ita kuma me ta ce masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta yi, amma tata ta riga tasa ƙarewa.

Ranar zuwa asibiti ta zo. Motar ta sha rana ta ƙoshi, alamar caji ta cika taf. Suka fita da hantsi a bayan sauran motoci, yadda ake yi yanzu, don ba mai son ya zama shi kaɗai a hanyar. Is'haƙa na gaba da sabuwar hula, Larai na baya. Sun ɗan wuce Gatawa ke nan Hafizullahi ya fara leƙen alamar yana yamutsa fuska. Cajin da ke sama da rabi ya zube ƙasa kamar ruwa a fasasshen tulu, ya koma ja. Motar ta rage gudu, ta ƙara ragewa, ta tsaya cak. Sauran motocin suka yi gaba.

Ba wurin tsayawa ba ne, kuma duk su ukun sun san haka. Larai ta ciro carbi. Hafizullahi ya fita yana danne-danne yana waige. Is'haƙa ya zauna yana duban daji, sai a lokacin ya gane ko babura goma ne suka taho daga cikin itatuwan nan shi ba zai ji ba. Sai ya juya ya kafa wa fuskar yayarsa ido, don in ta ji wani abu ya gani a wurinta. Bai taɓa jin ya tsani sabuwar hularsa ba sai a wannan zama.

Allah ya taimake su da wani manomi mai raƙumi. Aka ɗaura igiya, raƙumin ya duba abin da aka haɗa shi da shi ya yi wani irin kuka na rashin yarda, sannan ya ja. Haka suka shiga ƙauye mafi kusa, raƙumi a gaba yana gurnani, mota a baya, mutane na fitowa daga gidaje suna tafi. Manomin ya ce shi dai an ce masa ba ta kuka, to ga shi raƙuminsa ya ara mata. Larai ba ta ga likita ba ranar.

Wani mai gyaran sola da aka kira daga Sakkwato ya auna batirin ya ce ya gama aiki, sabo kuma sai an sake sayar da wasu shanun, waɗanda babu. Hafizullahi ya je wurin Alhaji Mubashshir. Alhaji ya tarbe shi da fara'a da ruwan sanyi, ya ce ai ba abin rigima a nan. An faɗi aibi a gaban rabin gari, Is'haƙa Kunne da bakinsa ya ce numfashinta gajere ne, an yi ragi saboda haka, an saya. Ko akwai wanda zai ce Is'haƙa bai ji ba? Magana ta tafi zauren Malam Abdulƙadir.

Is'haƙa ya ga inda abin ya tsaya, ba sai an yi masa bayani ba. In ya ce ya ji, ciniki ya zauna, sunansa ya ƙara tashi, Hafizullahi kuma ya tashi ba shanu ba mota. In ya ce bai ji ba, Alhaji ya ɓoye aibi ke nan, amma daga ranar ba mai sake miƙo masa ko tocila. Ya nemi hanyar tsakiya, ya ce ko zai ce ɗan ƙaramin haki ya ji ba babba ba. Ya juya ta ya ga ita ma wurin Alhaji take zuwa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Hafizullahi bai zarge shi ba. Ya zo gaishe shi, ya durƙusa kusa, ya ce da ƙarfi don ransa a ɓace yake, "Kawu, kai ka hwaɗi gaskiya. Ni ne ban gane ba, kwaɗayin ragi yar ruhe min ido." Is'haƙa ya so a ce wannan ma bai ji ba.

Da safen ranar zaman, Naja'atu ta ajiye masa koko, ta taɓa kafaɗarsa, ta zauna a gabansa. Ba ta ba shi shawara ba. Shi ne ya yi ta juya ludayi, can ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, in mutum sunansa Kunne aka wayi gari ba kunnen, to me za a kira shi. Ta jira har ya ɗago ido.

"Ni dai na daɗe ina aure da kurma," ta ce, tana buɗe baki sosai don ya gani. "Kuma har yau kwano guda na koko ba ya isar shi."

Bayan la'asar zauren ya cika har waje, wasu sun ɗare tagogi. Motar na ƙofar gida, awaki sun samu inuwa a gefenta. Alhaji ya fara magana, kuma bai kare kansa ba, Is'haƙa ya shiga yabo. Muryarsa na da ƙarfi, don haka gutsattsari suna isowa, baiwa, ikon Allah, kaf ƙasar Gobir. Duk kawunan da ke zauren suna gyaɗawa suna juyowa wajensa da girmamawa. Abin da daɗi, ba ƙarya. Kalma ɗaya zai faɗa ya tashi da duk wannan a aljihu. Ya dubi Hafizullahi, ya gan shi kai a sunkuye, shi ma yana gyaɗawa tare da su.

Malam Abdulƙadir ya yafito shi ya matso. Malam mai sanyin murya ne, leɓɓansa kawai suka motsa a cikin farin gemu. Is'haƙa ya san tambayar, ya sha amsa ta a wannan shimfiɗa. Ya cire hula ya riƙe abarsa da kansa.

"Allah shi gafarta Malam, ban jiya ba. Ko kaɗan ban jiya ba. Kuma ba motag ga kaɗai ba, tambayar da kay yi min yanzu ma ban jiya ba, bakinka nid duba. Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama sai an yi mai tsawa. Da hannu nike aiki, da hanci. Rannan hannu bai samu komi ba, hanci bai samu komi ba, kunya ta hana in ce ban sani ba. Hakin da nic ce, kowace mota ta hannu tana da shi. Ni ban san batir ba, ban hwaɗi aibinshi ba, don ban san da shi ba."

Ya ga bakuna sun buɗe. Ya ga wani a taga ya zame ya faɗa waje. Ya ga kafaɗu sun fara rawa daga baya, dariyar ta taho layi-layi har gaba, masu ƙoƙarin danne ta suna toshe baki da hannun riga. Bai ji haushinsu ba, don da wani ne a wurinsa shi zai fi kowa yi. Amma fuskarsa ta yi zafi, kuma ya san bencin dogon-yaro ya tashi daga aiki.

Malam ya ɗaga hannu, kafaɗu suka lafa. Ya juya ga Alhaji Mubashshir ya yi masa gajeriyar tambaya, wadda kowa ya ji ban da Is'haƙa. Ya ce tun da mai saurare bai ji komai ba, shi Alhaji me ya zaci an ji, har ya yi ragi ba wanda ya roƙe shi? Alhaji ya ture hula ya sosa ƙeya, ya dubi rufin zaure, ya dubi tabarma. Daga nan Malam ya yi magana mai ɗan tsawo, sannan aka ɗaga hannu. Is'haƙa ma ya ɗaga, ya shafa, bai san abin da ya ce wa amin ba.

Ya bi fuskoki da ido yadda ya saba, sai ya ga sun cakuɗe masa. Wasu na dariya, wasu na girgiza kai, Hafizullahi kuma hawaye ne shaɓe-shaɓe, kuma hawaye ba ya nuna na me ne. Madalla ba ta shiga nan, Allah shi kyauta ma haka. Sai ya miƙa hannu ya jawo hannun rigar ɗan yayarsa.

"Mi an ka ce?"

Hafizullahi ya fara amsawa da murya irin ta kullum, sai ya tuna, ya tsaya. Ya share fuska, ya matso, ya kai baki dab da kunnen Kawunsa, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"An ce Alhaji shi amshi motarshi shi maida min abuna, Kawu!"

Muryar ta fita zauren ta tsallaka titi, duk wanda bai samu shiga ba ya ji yadda ake yi wa Is'haƙa Kunne magana. Shi kuwa, cikin hayaniyar zauren, kalma biyu suka iso masa, mota da Kawu. Ya gyara zama a gaban kowa, ya juya kunnen dama sosai, ya sa tafi ya tare bayansa.

"Ƙara hwaɗi, ɗana," ya ce. "Ban jiya ba."